Motar Zariya: musayar waƙa kan waɗanda suka kai kansu soja a 1967

Jikan Soja, Ƙofar Marusa, Katsina:
Salamu alaikum. Ga 'yan baitoci, kuma Baba na Daura nake jira, tunda shi ya je yaƙin basasa ya gani.

Na buɗe akwatin Kaka jiya,
Ga lambar yaƙi, ga hoton Zariya,
Kai a aske, wuya siriri kamar zariya,
Kaki ya yi masa yawa, abin dariya.

Shekara sha tara, ba kama shi aka yi ba,
Dogari bai zo ƙofar gida ba,
Gero na rumbu, yunwa ba ta kore shi ba,
Da ƙafarsa ya je ya hau motar Zariya.

Baba, don Allah faɗa mini gaskiya,
Kishin ƙasa ne ko kuwa ƙuruciya?
Ko albashi ne ya ja masa zuciya?
Ya rasu bai ba mu labari ba ko ɗaya.

Baba Tsohon Soja, Daura:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ido ya yi rauni, ni ke faɗa jikanyata ke rubutawa. In an ga kuskure nata ne.

A teburin mai shayi muka ji a rediyo,
Ran 30 ga Mayu, Ojukwu ya tsaga ƙasa.
Kwana uku kafin nan Gowon ya yanka jihohi,
Sha biyu cif, don kowa ya ji gwamnati kusa.
Ran 6 ga Yuli aka fara sakin wuta,
Aka ce aikin 'yan sanda ne, kamar wasa.

Gaskiya ka nema, to ba kishi ne zalla ba,
Akwai zafin Sardauna da aka yi wa kisa,
Shi da Tafawa Balewa, Janairun 1966,
Wannan miki kowa na yawo da nasa.
Akwai Hassan ɗan Nagogo a cikin kaki,
In ɗan sarki ya sa, ɗan talaka don me zai fasa?
Akwai albashi, ba zan ɓoye maka ba,
Da wata mai tallan fura da nake wa kwalisa.
Amma ran da na tsaya a gaban saje,
Magana ɗaya ce a bakina: kar a raba ƙasa.

Makonni kaɗan muna kurtu, hagu-dama a rana,
Mazan jiya 'yan Bama na zagin mu da Hausa.
Sai Runduna ta Biyu, hannun Murtala,
Sai ga mu a Asaba, Anaca ga ta can ba nisa.
Ni da ban san ruwa ba sai na guga a Kusugu,
Aka ce ga Kwara, ga jirgi, hau bisa.
Oktoba ce. Igwa na sauka, jirgi na tangaɗi,
Wanda bai iya iyo ba, takalmi ya ja shi ƙasa.
Mu bakwai muka bar unguwa a mota ɗaya,
Uku muka dawo, huɗu a ruwan nan muka rasa.

Gwaggon Yara, Ƙofar Guga:

Baba, barka, kai ka ga dawowa.
Yayana ma ya tafi ba tilastawa,
Da asuba ya fita, Inna na surfen dawa,
Ya ce kasuwa za shi, yana murmusawa.
Wasiƙa ɗaya daga Inugu, ba ƙarawa,
Malamin makaranta ya zo karantawa:
A gai da Inna, gona a yi mata nomewa.
Shekara uku tana zuba masa tuwo tana rufewa,
Da safe ni ke ɗumamawa, ni ke cinyewa.
Ba gawa, ba kabari, ba wurin zuwa,
Ku kuna da lamba, mu me muke nunawa?
In za ku ba yara labari, ban da ragewa,
Can ma uwaye ne, 'ya'yansu yunwa ke kashewa.

Ɗan Bautar Ƙasa, Sabon Layi:

Ni ma na sa kaki, Baba, ku sara mini,
Bautar ƙasar da Gowon ya kafa a 1973 ta kai ni
Abakaliki, inda sauro ya sha mini jini.

Baba Tsohon Soja, Daura:
Kai tafi can, sojan alawus. Bari in ji da Hajiya, ita ta taɓo inda ke ciwo.

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Yaya da Inna,
Kwanon tuwon nan ba ni da bakin amsa.
Ragewa kuwa ba zan yi ba, na kusa kabari:
A Asaba an tara mazan gari an yi musu kisa,
Ba bindiga a hannunsu, ba ko sanda,
Kuma irin kakin da ke jikina masu harbin suka sa.
Na ga yaro a bakin hanya, ciki kamar tulu,
Gashi ya yi ja, ƙafafu kamar tsinken gasa,
Na miƙa masa biskit ɗin da ke aljihuna,
Hannun ya kasa ɗagawa, sai ido ya bi ni da nasa.

Mun shiga, soja bai fi dubu goma ba,
Muka fito an kai dubu 250 ko kusa.
Ran 15 ga Janairun 1970 Effiong, mataimakin Ojukwu, ya sallama a Legas,
Gowon ya ce ba mai nasara, ba wanda aka kai ƙasa.
Na dawo Daura, mai fura ta yi aure,
Na yi layin fansho har gwiwa ta yi tsatsa.
Ka ce in an sake kira yau, zan je?
Rabin zuciya ta ce je, rabi ta ce fasa.

Jikan Soja, Ƙofar Marusa:

Baba, na ji, jikina ya yi sanyi gaba ɗaya,
Yanzu na gane shirun Kaka in an ambaci Zariya.

Baba Tsohon Soja, Daura:
Ɗana, juya hoton nan ka duba bayansa. Mu kan rubuta lambarmu da biro kafin mu aiko gida. Turo wa jikanyata ta karanta mini, in tana kusa da tawa to tare muka sha rana a filin fareti. Wuya kamar zariya ka ce? Akwai wani Bakatsine da ba ya iya bambance hagu da dama, saje ya ɗaura masa tsumma a hannu.