Karin: labarin soyayya ne ko labarin gida?

Hajara: Jiya na ƙarasa Karin, zanen talabijin ɗin nan na Japan, kashi 24 ɗin duka, kuma ga abin da na tsaya a kai: wannan ba labarin soyayya ba ne, labarin gida ne. Ku cire Kenta Usui, saurayin Karin, zuciyar labarin na nan. Ku cire ƙanwarta Anju da iyayen, komai ya rushe.

Sadiq: Haba Hajara. Wane ne ya tayar da labarin tun farko? Karin Maaka tana zaman lafiyarta a makaranta, sai Kenta ya shigo ajinsu a matsayin sabon ɗalibi, jininta ya fara hauhawa. Ba don shi ba, da ba a yi haɓon farko da muka gani ba.

Nura: Ku ɗan tsaya, ban kalla ba. Haɓo kuma? Na ɗauka mayya ce.

Hajara: Ba mayya ba ce, Nura. Maye a wurinmu kurwa yake kamawa. Waɗannan mashaya jini ne irin na tatsuniyar Turawa, danginsu daga Turai suka yi ƙaura zuwa Japan. Ita kuwa Karin ta fita daban: jikinta ƙara jini yake yi har ya yi mata yawa. Dole ta ciji mutum ta zuba masa, in ba haka ba ya ɓalle ta hanci, ya wanke ƙasa. Wanda ta ciza sai ya tashi da kuzari da fara'a. Tana fita da rana, tana cin abinci irin namu, tana barci da dare lokacin da 'yan gidansu ke farkawa.

Sadiq: To faɗa masa sauran. Kowannensu akwai irin jinin da ke jan sa. Babanta Henry na masu girman kai, mamanta Calera na maƙaryata, yayanta Ren na waɗanda damuwa ta yi wa yawa. Karin kuwa na masu baƙin ciki. Kenta talaka ne, shi da mahaifiyarsa Fumio kaɗai, ita kuma aiki ba ya daɗewa a hannunta saboda mazan da ke takura mata. Shi ya sa Karin ta ɗauri niyyar faranta masa don jininta ya lafa. Ta fara dafo masa abincin rana kullum. Wanda ya ga yadda yaron nan yake buɗe kwanon, yana jin yunwa amma yana jin nauyin karɓa, ya ce ba soyayya ake ginawa ba?

Hajara: Ana ginawa, ban musa ba. Amma wa ya ba da izinin? Iyayen ne suka zauna suka yanke cewa ba za a shafe wa Kenta tunani ba, saboda da rana babu mai iya fita ya kula da ita. Ka ga ko kusancin nasu daga shawarar gida ya fito.

Anti Balkisu: Ni ina bayan Hajara, kuma saboda Anju ne. Ƙanwa ce, yarinya ƙarama mai yawo da ɗan tsana a hannu, ba ta cika magana ba. Amma ita ke tura jemagu su bi yayarta duk inda ta shiga, ita ke shafe tunanin wanda aka ciza, don Karin ba ta iya ba. Duk wadda ta taso a gida mai 'ya'ya da yawa ta san irin wannan ƙanwa, wadda ta fi shekarunta hankali, take rufa wa babba asiri ba tare da ta nemi godiya ba. Na yi dariya da yawa a wurin Calera da silifas ɗinta, amma idona a kan Anju yake tun daga farko har ƙarshe.

Sadiq: Anti, da girmanki, amma wasan barkwanci ne fa. Kamfanin J.C.Staff ne ya yi shi, aka nuna a tashar WOWOW daga 2005 zuwa 2006, har suka ƙirƙiro Winner Sinclair, maharbin mashaya jini da ya faɗa son Karin bai san ko ita wace ce ba. Babu shi a littafin zane na Yuna Kagesaki, wanda daga cikinsa aka ɗauko labarin. Me ya sa za a ƙara ɗan takara in ba soyayya ce kasuwar ba?

Anti Balkisu: Ka kawo littafin da kanka, to bari in yi magana a kansa. Nura, in ba ka son a ɓata maka, tsallake wannan. Littafin mujalladi 14 ne, ya fito daga 2003 zuwa 2008, wato an gama zanen talabijin tun labarin bai kai ƙarshe ba. A can ƙarshe jinin Karin ya daina ƙaruwa, ta zama kamar kowane mutum. Sai 'yan gidansu suka shafe mata tunaninsu gaba ɗaya, don ta rayu cikin mutane. Ta auri Kenta, ta haifi 'ya mai suna Kanon, ba ta san tana da uwa da uba da ƙanwa a raye ba. Su kuwa suna kallonta daga nesa. Na rufe littafin na daɗe zaune ban ce komai ba.

Sadiq: Ai wannan ni yake goyon baya. Da Kenta ta ƙare.

Hajara: Da Kenta ta ƙare, amma wa ya biya? Abin da ya sa Anti ta yi shiru ba auren ba ne, Anju ce da ta rasa yayarta tana gani.

Nura: Na karanta duk da haka. Ni abin da ya tsaya mini daban ne. Sun tambaye ta kafin su shafe?

Anti Balkisu: Ba su tambaye ta ba.

Nura: To ni ban yarda wannan ƙauna ce zalla ba. Yarinyar da ta yi shekaru tana jin ita bare ce a gidansu, a ƙarshe kuma a fitar da ita ba da saninta ba?

Hajara: Za ta tsufa ta mutu, su suna nan yadda suke. Da sun tambaye ta, cewa za ta yi a'a, ta ƙare rayuwarta rabi a rana rabi a duhu. Sun san halinta.

Sadiq: A nan kam ina tare da Nura. Kuma ku tuna Kenta an bar shi da sani. Kullum yana kallon matarsa, yana riƙe da abin da ba zai iya faɗa mata ba.

Anti Balkisu: Wannan nauyin ma surukansa ne suka ɗora masa, Sadiq. Nura, fara da kashi 24 ɗin tukuna, ka lura da Anju duk lokacin da Karin ta ajiye mata abinci, sannan ka dawo mu ji ko kana nan a kan bakanka.