Dan Allah wa ya san Numan? Ina son leƙa gonar rake

Abban_Hanifa:
Slm jama'a. Watan Janairu in Allah ya kai mu zan je ɗaurin auren wani abokina a Yola, shi ne na ce tunda har na zo nan bari in leƙa Numan kafin in juyo. Ni ɗan Makarfi ne, a cikin rake muka tashi, ga mazarƙwaila a gida, amma wlh ban taɓa ganin inda ake noma rake na kamfani ba, kullum sai dai labari. Shin ana barin baƙo ya shiga gonar? Kuma banda rake me ake kallo a garin, dan da iyali zan je, kar in kwaso su mu je muna zagaye a rana a banza.

Ɗan_Gongola:
Wslm malam, sannu da niyya. Ai ka zaɓi lokaci mai kyau kam, yankan rake a wajenmu aikin rani ne, Janairu ana tsakiyarsa. Daga Yola kamar awa ɗaya ne a mota in hanya ta yi kyau. Amma ka sani gonar ba a cikin gari take ba, sai ka haye gadar Binuwai ka ƙara gaba, can ɓangaren Gyawana a ƙaramar hukumar Lamurde. Mu har yau Savannah muke ce mata, gwamnatin tarayya ce ta kafa kamfanin tun 1971, daga baya aka sayar wa Dangote, yanzu a ƙarƙashin Dangote Sugar yake.

Cikin masana'anta kam sai da izini, in kana da wani ma'aikaci ka yi masa magana tun kana gida. Amma ko ba ka shiga ba daga bakin titi za ka sha kallo, rake iya ganinka kore shar alhali ko'ina ya bushe ƙurmus, ga manyan motoci suna ta jigila, in an ƙona wani ɓangare kafin yanka kuwa tokar ganyen tana sauka har kan hula, masu yanka su fito baƙi ƙirin da addunansu, dan haka farar shaddar ɗaurin auren nan a bar ta a jaka.

Wani abu kuma tunda kai ɗan Makarfi ne, kar ka sa rai da irin rakenku mai kauri mai laushi da ake feƙewa a sha a bakin kasuwa. Na kamfani siriri ne ga tauri, zaƙin ake nema a jikinsa ba daɗin tauna ba, in yara suka ce sai sun sha za su gaya maka da haƙoransu.

Maman_Sadiq:
Ni dai ra'ayina Abban Hanifa, rake minti talatin ya ishe ku, bayan nan duk iri ɗaya ne, yara za su fara ƙorafi. Abin kallo a Numan ruwa ne. A nan kogin Gongola yake haɗuwa da Binuwai, shi ne ma kogin da aka sa wa tsohuwar jihar Gongola sunansa kafin a raba ta a 1991 a fitar da Adamawa da Taraba. Ku je bakin ruwa da sassafe lokacin da masunta ke dawowa, da rani ruwan ya ja baya sai yashi fari fat a tsakiya, kwale-kwale na ta kai kawo, mata na wanke kifi suna jera shi a kan waya ana banda. Ka ce wa uwargida ta tafi da kwali, busasshen kifin can ba irin na kasuwarmu ba ne da sai ƙaya da ƙauri, kuma ta yi ciniki sosai dan suna gane baƙo daga sallama.

In za ku shiga jirgi dan Allah kar ku shiga wanda aka cika maƙil, gara ku ƙara kuɗi ku ɗauki naku.

Bwatiye_Boy:
Kun manta da mu masu garin ne? Lol. Yallaɓai Numan ƙasar Bachama ce, fadar Hama Bachama, wato sarkinmu, tana nan cikin gari, ka biya ka gaida fadawa su nuna maka abin da ya halatta a gani, kar dai ka ciro waya ka hau ɗaukan hoto ba ka tambaya ba. A nan kuma hedkwatar cocin Lutheran ta Najeriya (LCCN) take, Turawan mishan na Denmark ne suka fara zuwa a 1913. Da a ce kusa da faɗuwar damina za ka zo da na ce ka je Farai wajen Demsa ka ga bikin Vunon, kokawa ake yi ta gaske, amma Janairu ba za ka same shi ba. Akwai kuma Ruwan Zafi a Lamurde, ruwa ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa da zafinsa, sai ka nemi ɗan gari ya raka ka.

Ɗan_Gongola:
Af, dam ɗin Kiri fa, in akwai lokaci. Yana Shelleng, an gama shi a 1982 a kan Gongola, daga can ake jan ruwan da ake ba raken nan ta babbar kwata, shi ya sa yake kore a tsakiyar rani. Akwai dorina a ciki, kuma ba abin wasa ba ce, tana kifar da jirgi, daga nesa za a kalla. Da ɗan tafiya dai, sai ku yi sammako ku dawo kafin magariba, ban ba ka shawarar tafiyar dare da iyali ba.

Abban_Hanifa:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kiri ina ga sai wani zuwan, bakin ruwa da fada da gonar sun ishe mu yini ɗaya. Uwargida tana jin maganar kifi ta ce kwali biyu. Bwatiye_Boy duba inbox, na turo maka saƙo kan maganar ɗan rakiya.