Me ya sa Pokémon ya fita daga Japan ya game duniya?

Malama Aji Huɗu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka san tarihin wasannin yara na ƙasashen waje. Na lura cewa wasu daga cikin ɗalibaina sun riƙe sunayen halittun Pokémon fiye da yadda suka riƙe sunayen jihohi, alhali abin ya girme su nesa ba kusa ba. Japan tana fitar da katun da wasannin bidiyo masu yawa a kowace shekara, kuma da dama ba sa wuce iyakar ƙasar, wasu kuma su yi tashe na ɗan lokaci su ɓace. Me ya bambanta wannan da sauran? Ƙarfin talla ne kawai, ko akwai wani abu a cikin wasan kansa? Na kuma ji an ce an taɓa haramta shi a Saudiyya, ina so in san gaskiyar maganar.

Tsohon Ɗan Wasa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. A ganina amsar tana cikin yadda aka ƙera wasan tun ranar farko, kafin a yi maganar talla. Kamfanin Game Freak ne ya haɗa shi ƙarƙashin jagorancin Satoshi Tajiri, mutumin da ya taso yana farautar ƙwari a bayan garin Tokyo, kamfanin wasannin bidiyo na Nintendo kuma ya fitar da shi a watan Fabrairun 1996 a kan ƙaramar na'urar hannu ta Game Boy, wadda ta fito tun 1989 kuma mutane da yawa suna ganin zamaninta ya kusa wucewa. Wasa ne na kama halittun ƙirƙira a tara su, kuma dabarar ita ce an fitar da shi kashi biyu, Ja da Kore, kuma akwai halittun da ke cikin ɗaya amma babu su a ɗayan. Yaron da yake son ya tara duka dole ne ya nemi abokin da ya sayi ɗayan kashin, su zauna gwiwa da gwiwa, su haɗa na'urorinsu da wata 'yar igiya, su yi musaya. Akwai ma halittun da ba sa sauya kama zuwa mataki na gaba sai an yi musayarsu.

Ma'anar wannan ita ce kowane yaro da ya sayi wasan ya zama mai jawo wani, ba tare da kamfanin ya biya shi ko sisi ba. Sannan ga halitta ta 151, wato Mew, wadda aka ɓoye a cikin wasan, jita-jitarta ta riƙa yawo a makarantu, har wata mujallar yara mai suna CoroCoro ta shirya gasar raba ta ga mutum 20, aka samu dubban yara sun aiko da takardunsu. Katunan wasa sun biyo baya a ƙarshen 1996, katun ɗin talabijin kuma ya fara a Afrilun 1997.

Mai Fassara ya amsa:

Na yarda da Malam a kan abin da ya faru a cikin Japan, amma bayanin nasa bai kai mu ƙetare ba, kuma can ne tambayar Malama take. Labarin farko da yawancin mutanen waje suka ji game da Pokémon ba mai daɗi ba ne. A watan Disamban 1997 an nuna wani kashi na katun ɗin da ke da walƙiyar haske ja da shuɗi mai saurin gaske, aka kwashi yara sama da 600 zuwa asibiti, wasu da alamun farfaɗiya, aka dakatar da shirin na kimanin wata 4. Duk da wannan tabon, a Satumban 1998 ya shiga Amurka, kuma a nan aka juya tsarin: katun ɗin ne ya fara fitowa, bayan 'yan makonni wasan ya biyo, katuna kuma suka zo a farkon 1999. Kafin wasan ya isa kanti, yara sun riga sun san Pikachu, ɗan halitta mai launin rawaya da ke tare da jarumin katun ɗin, sun kuma ƙosa su mallake shi. Turai ta samu wasan a 1999, kuma a ƙarshen shekarar fim na farko ya cika gidajen sinima a Amurka.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne aikin da aka yi don kada yaron ƙasar waje ya ji baƙunta. Kamfanin 4Kids, wanda ya ɗora muryoyin Turanci, ya sauya sunan jarumin katun ɗin daga Satoshi zuwa Ash, an goge rubutun Japananci daga allunan da ke cikin hotuna, har ma akwai wurin da aka nuna dunƙulen shinkafa irin na Japan a fili amma aka ce wa masu kallo donot ne, abin da har yau ake yi wa dariya. An sake wa yawancin halittun suna a Turanci da Faransanci da Jamusanci, amma an bar Pikachu da sunansa a ko'ina. A Koriya ta Kudu, inda sai a 1998 aka fara sassauta takunkumin da aka daɗe da sa wa kayan nishaɗin Japan, an ba jaruman sunayen Koriya. Na tabbata akwai yara da yawa da suka girma da shi ba su taɓa sanin daga Japan ya fito ba.

Abu Hafsa ya amsa:

Game da Saudiyya, Malama, maganar gaskiya ce. A 2001 hukumar fatawa ta ƙasar ta haramta wasan da katunansa, bisa dalilan cewa katunan sun yi kama da caca, cewa sauya kamar halittun yana koyar da ra'ayin Darwin na cewa halittu sun samo asali ne ta hanyar rikiɗa daga wasu halittun, da kuma cewa akwai alamomin wasu addinai a jikin katunan. Nintendo ya musanta maganar alamomin. Ni dai a fahimtata, sauya kamar da ke cikin wasan ta fi kusa da yadda tsutsa ke zama malam-buɗe-littafi, kuma akwai halittar da ke bin wannan hanyar daidai. Batun katunan ne ya fi nauyi, domin ana sayar da su a rufe cikin leda, yaro ba ya sanin abin da ya saya sai ya yage, kuma 'yan kaɗan ne masu daraja a cikinsu. Wannan damuwar ba ta Musulmi kaɗai ba ce, don makarantu da dama a Amurka da Ingila sun hana shiga da katunan saboda faɗa da cuta tsakanin yara. Idan ɗalibanki sun fara zuwa da su aji, wannan ɓangaren ne ya kamata ki sa wa ido, fiye da katun ɗin.

Tsohon Ɗan Wasa ya sake amsawa:

Malam Mai Fassara, ban musa amfanin aikin fassara ba, amma kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. An yi wa shirye-shiryen Japan da yawa irin wannan kwaskwarima, ba su kai ko kusa da nan ba. Hujjata ita ce abin da ya faru a Yulin 2016, lokacin da kamfanin Niantic ya fitar da Pokémon Go a wayar salula, wasan da ake fita waje a yi yawo ana neman halittun da waya. A lokacin babu wanda bai san asalin abin ba, kuma babu wanda ya damu, sai ga manya masu shekara talatin, waɗanda suka yi musaya da igiya suna yara, sun cika wuraren shaƙatawa suna nema tare. An ma yi ritaya da Ash daga katun ɗin a 2023 bayan kusan shekara 26, aka kawo sababbin jarumai, adadin halittun ya haura 1,000, kuma har yanzu yawancin manyan wasannin suna fitowa kashi biyu kamar yadda aka fara a 1996.