"Daga Dan zuwa Biyer-sheba": nisa ake nufi ko faɗin ƙasa?

Ɗaliba: Malamai, ana yawan jawo wannan magana ta Littafi Mai Tsarki a wa'azi da ma'anar tafiya mai nisa. Haka take?

Malamin Ibrananci: A'a, 'yata. Tsakanin garuruwan biyu bai wuce kilomita 240 ba. Dan na can arewa a gindin Dutsen Harmon, inda ɗaya daga maɓuɓɓugan Kogin Urdun yake, Biyer-sheba kuwa tana kudu a bakin hamadar Negeb. Wanda ya ambaci iyakokin nan biyu ya haɗa ƙasar Isra'ila kaf, lungu da saƙo. Dubi Mahukunta 20:1 da 1 Sama'ila 3:20. A 2 Tarihi 30:5 ma an juya ta, an fara da Biyer-sheba.

Mai Fassara: Kuma a lura, Dan ne, ba Ɗan ba. Tushensa kalmar Ibrananci "din", wato shari'a (Farawa 30:6). Layish ake kiran garin kafin kabilar Dan ta ci shi. Biyer-sheba kuma rijiyoyi bakwai ke nan.

Malamin Ibrananci: Nan kam ban yarda ba, ɗan'uwa. "Be'er" tilo ce, rijiya guda, jam'inta "be'erot". Bakwai ɗin na 'yan tumaki ne. A Farawa 21:28-31 Ibrahim ya ware 'yan tumaki mata bakwai ya ba Sarki Abimelek, shaidar cewa shi ya haƙa rijiyar da bayin sarkin suka ƙwace, sannan su biyun suka rantse. A Ibrananci "sheba", bakwai, da "nishba", ya rantse, baƙaƙensu na asali ɗaya ne: shin, bet, ayin. Shi ya sa sunan ke ɗaukar rijiyar bakwai da rijiyar rantsuwa a lokaci guda.

Mai Fassara: Na karɓi gyara, Malam. Amma ni na fi karkata ga rantsuwa, domin aya ta 31 da bakinta ta ce don sun rantse a can ne. A Farawa 26:33 ma, ranar da Ishaku da Abimelek suka rantse aka sami ruwa, Ishaku ya sa wa rijiyar suna Shiba.

Ɗaliba: To Sheba ta sarauniyar da ta ziyarci Sulemanu fa?

Malamin Ibrananci: Wannan dabam ce, da alef take ƙarewa, ba ayin ba; rubutun boko ne ya haɗe su. 'Yar'uwar "sheba" tamu ita ce "sab'a" ta Larabci, wato bakwai, inda muka samo saba'in. Larabawa har yau Bi'ir as-Saba'a suke kiran garin.