Gam ya maƙale a jikin robar samfefa, da me za a wanke shi?

Yaron shago, Wadata: Salamu alaikum manyanmu. Na ɓare tsohuwar samfefa mai gam daga jikin robar da muke riƙe ta da ita, gam ya tsaya yana danƙo, garin katako duk ya manne. Sabuwar ta ƙi zama daidai. In zuba dilwan, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi?

Kafinta, kasuwar Katako: Wa alaikumus salam. Kul, ƙanena! Ni na taɓa yi. Na jiƙa tsumma da dilwan na goga, kafin in ankara fuskar robar ta yi laushi, har sawun yatsana ya zauna a kai. Da ta bushe ta yi tudu da kwari, duk allon da na goge da ita sai ya fito da layi-layi, dole na yar. Wasu daga cikin masu taurin nan wata roba ce da ake kira ABS, dilwan da asiton (ruwan goge jan farce) narkar da ita suke. Esans ma, wato fetur, ka bar shi, ga haɗarin wuta a shago mai cike da garin katako.

Mai fentin mota, Tahoua: Gaskiya ne, Malam. Ka fara da zafi. Ka sa ta a rana minti 5, ranar nan tamu ta isa, amma kar ka manta da ita a kan kwano, lanƙwashewa za ta yi. In gam ya yi laushi ka murza da babban yatsa, zai nannaɗe kamar dauɗa. Sauran ka kankare da tsohon katin roba. Ban da reza.

Kafinta, kasuwar Katako: Abin da ya ƙi fita, ka shafa man gyada ka bar shi minti 10.

Mai fentin mota, Tahoua: Mai yana yi, amma a kula. In ba a wanke da omo da ruwan ɗumi an shanya ba, sabuwar samfefa ba za ta kama ba, kuma maiƙon da ya taɓa aikin zai sa fenti ya yi ido-ido. Shi ya sa na fi son alkol na famasi, mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari, ba ya barin maiƙo. Ko shi ɗin ka ɗiga a gefe tukuna, ka ga ko robar za ta dusashe.

Yaron shago, Wadata: Na gode iyayena. Na sa a rana na murza, kusan duk ya fita. Saura gefe guda, yanzu zan je famasi.