Kotu ko sulhu? Wanda ya taɓa shiga ya ba mu labari

Ƙanwar Maza: Assalamu alaikum jama'a. Rigimar gidan gado ce tsakaninmu da 'yan uba, yayanmu ya dage sai kotu ni kuma gabana faɗuwa yake. Don Allah wanda ya taɓa bin hanyar sulhu ya faɗa mana yadda ta kaya.

Ɗan Kwari: Wa alaikumussalam. Ni bashin atamfa ne, shekara biyu ina zarya, yau alƙali ya tafi taro gobe lauyan wancan ba lafiya, a ɗage a ɗage har kuɗin lauya da na mota suka kusa kamo bashin wlh. Ƙarshe aka tura mu ɓangaren sulhu na babbar kotu, wanda ake ce wa Multi-Door, Legas ce ta fara shi a 2002. Zama uku muka gama, wanda nake bi bashin ya yarda zai biya a hankali sau huɗu, muka sa hannu alƙali ma ya sa, takardar ta zama hukunci. Ya kuwa biya, har yanzu muna gaisawa a masallaci.

Uwar Marayu: Hmm ƙanwata ki yi hattara dai. Da maigidana ya rasu dattawa suka zaunar da mu a soro, kowa "ki yi haƙuri Hajiya, zumunci ya fi dukiya", kunya ta hana ni magana, ba a rubuta komai ba. Ko tumunina ban gani cikakke ba, biyu cikin shaidun ma sun rasu.

Bamaraɗe: Mu nan Nijar shanu suka shiga min gero kafin a saki gonaki. Mai gari da 'yan COFO, wato kwamitin kula da filaye, suka zo suka ƙiyasta ɓarnar, makiyayin ya biya, aka ba kowa takarda. Kwana biyar kacal.

Almajirin Zaure: "Wassulhu khairun", Nisa'i aya ta 128, gaskiya ne. Amma a gado sai an fara fitar wa kowa rabonsa ya san adadinsa, in ya so ya yafe ko ya sayar wa 'yan uwa. Abin da aka yi wa Hajiya danniya ce aka sa mata rigar sulhu.

Ƙanwar Maza: Na gode malam. Kenan mu fara nemo mai ƙiyasta kuɗin gidan. Hajiya ke fa, kin kai ƙara daga baya?

Uwar Marayu: Ina fa, da wace takardar? Yaran dai sun girma, babban yana cewa zai tada maganar.