Neman shawara: tsohon sojan Amurka ne ni, ina son sayen gida da lamunin VA

Baban Hafsat

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawararku, musamman waɗanda suka yi aikin soja a ƙasar nan. Na yi shekara shida a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, an sallame ni lafiya lau, takardar sallamar soja ta DD-214 tana hannuna. Muna zaune a Bronx, cikin birnin New York, ni da maiɗakina da yara uku a gidan haya mai ɗaki biyu, kuma duk shekara sai an ƙara kuɗin haya. Manyan yaran mace da namiji ne, sun kai lokacin raba makwanci, wannan shi ya fi tsaya min a rai.

Tun da na fito daga soja wasiƙu ke cika min akwati, kowane kamfani yana cewa in zo in karɓi lamunin VA, na sayen gida ga tsofaffin sojoji, ba tare da na ajiye ko sisi ba. Na tara dala 30,000. Shin da gaske ne ba a biyan komai? Mene ne hukuncin kuɗin ruwan da ke ciki? Sannan Hajiyata a Kano kullum maganarta in yi gini a gida, ko wannan lamunin zai iya yin aiki a can? Na kuma shigar da takardar neman diyya saboda gwiwata da kunnena, har yanzu ba su ba ni amsa ba.

Tsohon Saje, Killeen

Wa alaikumussalam ƙanena. Fara da gane wannan: VA, wato ma'aikatar tsofaffin sojoji, ba ita za ta ba ka kuɗin ba. Banki ne ko kamfanin lamuni zai ba ka, ita kuma ta tsaya maka, ta yi wa bankin alkawarin cewa idan ka gaza za ta biya shi wani kaso, yawanci kashi ɗaya cikin huɗu. Tun 1944 ake wannan tsari, bayan dokar da aka yi wa sojojin Yaƙin Duniya na Biyu. Saboda wannan tsayawar ne bankin ba ya neman kuɗin gaba, kuma ba ya ɗora maka inshorar lamuni ta wata-wata da ake ɗora wa sauran mutane. Amma ka lura, kariyar ta banki ce. Idan ka daina biya, gidan za a karɓe.

Cewa ba a biyan komai kuwa, ba haka ba ne. Akwai kuɗin da VA ke karɓa sau ɗaya: kashi 2.15 cikin ɗari ga wanda karonsa na farko ke nan kuma bai ajiye komai ba. A gidan dala 400,000 ya kama dala 8,600. Idan ka ajiye kashi 5 sai ya sauko zuwa 1.5, idan kashi 10 ne 1.25. Ana iya haɗa shi cikin bashin, sai dai ka san shi ma zai riƙa haifar ruwa tsawon shekara talatin.

Maganar da ka saka a ƙarshe kamar ba komai ba, ita ce babba a wurina. Duk wanda VA ke biyan diyyar raunin da ya samu a bakin aiki, ko da kashi 10 aka ba shi, an yafe masa wannan kuɗin gaba ɗaya. Ka bi sawun takardar nan taka kafin ka sa hannu a komai. Idan kuma gida ya samu ba ka iya jira ba, daga baya aka amince da diyyar, kuma ranar da ta fara aiki ta riga ranar sa hannun gidan, kana da haƙƙin neman a mayar maka da kuɗinka. Na san mutanen da ba su nema ba don ba wanda ya faɗa musu.

Matakin farko, ka shiga shafin VA ka ciro takardar shaidar cancanta da ake kira COE. Kano kuwa a'a. Dole gidan ya kasance cikin Amurka ko yankunanta, kuma kai da kanka za ka zauna a ciki, yawanci cikin kwana 60 bayan sa hannu.

Maman Sadik, Columbus

Baban Hafsat, Allah ya cika buri. Maigidana ma da VA muka sayi namu, bari in ƙara kan abin da Yaya Saje ya faɗa. Waɗannan wasiƙun da ke zuwa maka, wasu har da hoton tuta da mikiya kamar daga gwamnati suke, 'yan kasuwa ne. Ka nemi farashi a rubuce daga wurare uku ko huɗu ka jera su, domin kowa da nasa ruwan. VA ba ta ƙayyade makin kiredit ba, wato makin tarihin biyan bashinka, bankuna ne ke sa nasu, da yawa daga 620 suke farawa.

Abu na biyu, VA za ta turo mai ƙiyasta farashin gida, zai duba ko gidan ya kai kuɗin da aka sa masa kuma ana iya zama a ciki. Wannan bai isa ba. Ka biya mai duba lafiyar gini naka na kanka. Gidan farko da ya shiga ranmu, komai tsaf, har yara sun zaɓi ɗakuna. Da mutumin ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa sai ya tsaya gaban bango ɗaya da aka yi wa sabon fenti shi kaɗai, ya manna na'urarsa, ya kira mu muka shafa, bangon sanyi ƙalau da danshi. Ruwa ne ke shigowa duk lokacin da ƙanƙara ta narke. 'Yan ɗaruruwan dalolin da muka ba shi su suka cece mu.

Dala 30,000 ɗin nan kada ka zuba su duka a kuɗin gaba. Akwai kuɗaɗen ranar sa hannu, akwai harajin gida da inshora duk wata, kuma ranar da tukunyar ɗumama gida ta mutu a watan Janairu babu mai gidan da za ka kira.

Malam na Masallaci

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da ka tambaya kafin ka shiga. Lamunin VA bashi ne mai ruwa kamar kowane bashin banki, sauƙin da ke cikinsa bai canja asalinsa ba, kuma haramcin riba a fili yake a ƙarshen Suratul Baƙara. Malaman wannan zamani sun kasu. Majalisar fatawa ta Turai a 1999 ta yi rangwame ga Musulmin da ke zaune a ƙasar da ba ta Musulunci ba, ba shi da gidan kansa, ba shi da wata hanya, kuma zama zai yi ba kasuwanci ba. Wasu malamai da dama ba su yarda ba, suna cewa wanda ke iya biyan haya bai kai ga larura ba, balle ma a Amurka akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da UIF masu tsarin musharaka, ku haɗa hannu ku sayi gidan kana sayen kasonsu a hankali. Su sukan nemi kuɗin gaba, to kai kana da shi. Ni abin da na fi natsuwa da shi ke nan. Ka nemi lissafinsu a rubuce, ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa tare da na VA, ku zauna da maiɗakinka, ka yi istihara.

Alhaji Mai Tasi

Ni dai ra'ayina daban. Yaro, ka ji maganar mahaifiyarka. Kuɗin nan idan ka canja su za su yi maka aiki mai yawa a Kano ba tare da bashin kowa a wuyanka ba. Shekara talatin ba wasa ba ce.

Maman Sadik, Columbus

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, gaskiya ne gini a gida yana da daɗi. Amma yaran nan a nan suke makaranta, a nan suke kwana, matsalar ɗaki kuma ta yau ce. Zai iya lallashin Hajiya ya sayi fili ya kewaye, gini ya biyo baya. Kuma lamunin VA babu tara ga wanda ya biya da wuri, ba dole sai ya kai talatin ɗin ba.

Baban Hafsat

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, in sha Allah zan nemi lissafin biyun. Yaya Saje, a unguwarmu abin da kuɗina zai iya kaiwa gare shi gidajen bene ne na ko'op, suna shiga?

Tsohon Saje, Killeen

Ba sa shiga. A ko'op hannun jari kake saya a kamfanin da ya mallaki ginin, VA kuma ba ta tsaya wa irinsa. Kondo (condo), inda kai ka mallaki sashenka na ginin, yana shiga, amma sai ginin yana cikin jerin waɗanda ta amince da su, ka duba a shafinsu kafin ka je kallo.

Abin da zan so ka duba shi ne gida mai sassa biyu zuwa huɗu. An yarda ka saya, ka zauna a ɗaya ka ba da hayar sauran, kuma tun Janairun 2020 VA ta cire iyakar kuɗi ga wanda bai taɓa amfani da haƙƙinsa na wannan lamunin ba, abin da banki ya ga albashinka zai ɗauka shi ne iyakarka. Za su duba bashin da ke kanka, sukan so kada ya wuce kashi 41 na abin da kake samu, sannan su lissafa abin da zai rage maka na cefane da hidimar mutum biyar. In kana da bashin mota, fara rage shi. Bayan ka saya kuma ka tambayi ofishin haraji na birnin New York rangwamen harajin gida na tsofaffin sojoji, sai ka cike takarda da kanka ake ba ka.